Daga kuɗin fito zuwa na goro: tarihin shingen hanyar Zariya zuwa Kano

Sashen babban titi da ya tashi daga Zariya zuwa Kano kimanin kilomita 137 ne. Dokar tuƙi ta ƙasa ta yarje wa motar gida ta yi kilomita 100 a sa'a a kan irin wannan titi, motar haya kilomita 90, tirela da tanka kuwa kilomita 60. Duk wanda ya taɓa shiga Golf ko Sharon daga Tashar Yari, inda ake kwana zuwa Makarfi, ya san waɗannan alƙaluma a takarda suke zaune. Abin lura kuma shi ne, da wuya ka ji direban da aka tsayar a wannan hanya saboda gudu. Ana tsayar da shi ne a inda dole ya rage gudun, gaban tayoyi da gungumen itace, a tambaye shi lasin da takardun mota, a leƙa but, a tambayi abin da ya ɗauko. Can tsakanin shinge da shinge, inda yake taka totur har ƙasa, ba mai ganinsa.

Wannan ba sakaci ba ne kurum. Shingen hanya a ƙasar Hausa ya girmi dokar tuƙi da ɗaruruwan shekaru, kuma da aka zo da mota ba a canja masa hali ba.

Kafin Turawa, ƙasar da a yau ta zama ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan ita ce bakin iyakar Zazzau ta wajen Kano, kuma ta cikinta ayarin fatake ke ratsawa da jakuna da takarkarai. Ba ayarin da ke wucewa kyauta. A bakin kogi a biya kuɗin fito, a ƙofar gari a biya na shiga, a zango a kai wa mai gari gaisuwa. Babban aikin madugu, bayan sanin hanya, shi ne iya ciniki da masu tare hanya: ya san wanda za a ba turmi, da wanda ƙwaryar goro ta ishe shi, da garin da gara a kewaye shi ta daji. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, ya nuna yadda wannan ciniki ya kasance jigon sana'ar. Kuɗin kuwa ba zalunci ba ne zalla. Wanda ya karɓa ya ɗauki nauyin tsare ayari daga 'yan fashi har ya fita daga ƙasarsa.

Da Gwamna Lugga ya ci ƙasar, Zariya a 1902, Kano a 1903, bai soke wannan al'ada ba, sai ya mayar da ita ta gwamnati. Ya kafa harajin fatake: kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har iyakar kashi 15. Hujjarsa ita ce hujjar sarakunan da ya gada, wato shi ya samar da aminci a hanya, don haka a biya shi. Fatake suka yi abin da suka saba, suka riƙa kauce wa tashoshin karɓar kuɗi, kamfanonin Turawa kuma suka yi ta kukan ana kashe ciniki. A 1907 aka soke harajin. Shekara huɗu bayan haka jirgin ƙasa ya isa Kano, ya bi ta Likoro da Gimi, ya kwashe mafi yawan kayan da jakuna ke ɗauka. Aka daɗe hanyar ƙasa ba ta da wani armashi, sai da manyan motocin katako suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin ne aka yi dokar tuƙi ta 1947.

Mutumin ƙauye na wancan zamani hukuma biyu ya sani. Akwai ɗan doka na En'e, jikan dogari, wanda ke ƙarƙashin sarki da hakimi. Akwai ɗan sandan gwamnati, na rundunar da aka haɗe ta Arewa da ta Kudu a 1930. Ɗan doka ba waliyyi ba ne, 'yan NEPU da suka sha kulkinsa shaida ne. Amma ɗan gari ne. An san gidansu, an san hakimin da za a kai ƙararsa. Bayan juyin mulkin 1966 kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, aka kammala hakan a farkon shekarun 1970. An rabu da ɗan sandan da sarki ke juyawa yadda ya so, wannan ci gaba ne. Sai dai tun daga nan mai tsayar da direban Ikara yana iya zama baƙo daga kowace kusurwa ta Nijeriya, wanda umarninsa daga Legas yake zuwa, daga baya Abuja, kuma gobe ana iya ɗauke shi. Ga shi an fito daga yaƙin basasa, bindiga ta bazu, fashi da makami ya zama ruwan dare, kulki ya ba bindiga wuri a bakin titi.

Maganar gudu ita kanta ta zo a makare. A Ingila, tun watan Janairu na 1896 aka ci wani Walter Arnold tarar sule ɗaya don ya yi mil 8 a sa'a a inda doka ta ce mil 2, kuma ɗan sandan da ya kamo shi a kan keke ya bi shi. A nan sai a 1988, zamanin Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka na shugabancinta, bisa darasin wata ƙaramar runduna da Jihar Oyo ta gwada tun 1977. Hukuma ce ta ƙasa da aka gina musamman don ceton rai a kan titi, jami'anta kuma ba sa riƙe bindiga a bakin aiki. Amma ba ta maye gurbin kowa ba, ƙari ta zama. Direban da ya ɗauko tumatir daga Ikara ko rake daga Kudan zai iya cin karo da 'yan sanda, da jami'an kiyaye haɗurra, da 'yan kwastan, da masu karɓar harajin ƙaramar hukuma, da KASTLEA a ɓangaren Kaduna, da KAROTA da zarar ya tsallaka Kwanar Dangora ya shiga Jihar Kano. Kowannensu da dokar da ta kafa shi, kowannensu da rasit ɗinsa, ko rashinsa.

A nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne lissafin yake. Makamin mai shinge ba bindigarsa ba ce, lokaci ne. Hatsi na iya kwana a mota mako guda bai ce komai ba. Tumatir ba haka ba. Kwandon da aka cika da asuba a fadama, aka nufi kasuwar Mile 12 ta Legas da shi, tafiyar kusan kilomita dubu, kowace sa'a yana asarar daraja. Idan jami'i ya ce, "Faka, kawo takardunka," ya tafi gindin bishiya da su ya zauna, bai karya wata doka a fili ba, amma ya san agogo na yi masa aiki. Direba ya sani, mai kaya ya sani. Shi ya sa tun daga tasha ake ware kuɗin hanya cikin kuɗin mota, kamar yadda madugu ke ware goron gaisuwa, kuma shi ya sa maganar ba ta daɗewa: "Yallaɓai, a yi haƙuri, kayan gwari ne." Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a watan Agusta na 2010 ya bayyana yadda naira 20 ta zama tsayayyen farashi a shingayen ƙasar nan, da yadda wani kaso na kuɗin ke hawa sama zuwa ga manya. Lokacin da aka ɓata a shinge kuwa, direba a kan totur yake fanshe shi. Ta haka abin da ya kamata ya rage gudu ya zama yana ƙara shi.

Idan tsayawa ciniki ce, to ƙin tsayawa a idon direba ba tserewa daga shari'a ba ce, kewaye zango ne. Yana ganin ya ƙi biyan abin da ba a bin sa. A idon doka kuwa wani abu ne dabam. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar da 'yancin rayuwa, ya yi togaciya ga ƙarfin da ya zama dole don kama mutum bisa doka ko hana tsararre tserewa. Tsohon umarnin 'yan sanda mai lamba 237 ya ƙara buɗe ƙofar: ya halatta harbin wanda ya gudu don kauce wa kamu, muddin laifin da ake tuhumarsa na iya kai shi ɗaurin shekara bakwai ko fiye, kuma ba wata hanyar kama shi. Jami'in da ke tsaye a duhu, mota ta wuce shi a guje, shi ne alƙalin da zai yanke ko wane laifi ne, cikin daƙiƙa biyu. Kotun Ƙolin Amurka ta rufe irin wannan ƙofa tun 1985, a shari'ar Garner, inda ta ce gudu kaɗai ba ya halatta kisa sai in mai gudun barazana ne ga rayuka. Nijeriya ba ta sake rubuta umarni na 237 bisa wannan ma'auni ba sai a 2019. Harsashin kuma ba kullum direba yake samu ba. Sau da yawa fasinjan kujerar baya ne, ko mai tallar rake a bakin titi.

Ba adalci ba ne a ce shinge ba shi da wani amfani. A ranar 20 ga Janairu 2012 Boko Haram ta kai wa Kano harin da ya kashe mutum sama da 180, hanyoyin shiga birnin suka cika da buhunan yashi da sojoji, kuma mutane da yawa sun yi na'am da hakan duk da dogon layi. Kwanaki biyar bayan harin aka naɗa Mohammed Dikko Abubakar Sufeto Janar, cikin 'yan makonni ya ba da umarnin a kwashe shingayen 'yan sanda daga titunan ƙasar. Hannu ɗaya na rushewa, ɗaya na ginawa. Ibrahim Idris ya maimaita umarnin a 2017, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna inda na farko ya kwana. A wannan shekarar ce kuma aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, dabarar da aƙalla ta nufi gudun kansa, ko da yake an mayar da binciken na'urar wani dalili na tsayar da mota.

Masu kaya sun taɓa gwada nasu ƙarfin. A ƙarshen Fabrairu na 2021 haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan ne ya tunzura su, amma cikin buƙatunsu har da kawar da shingaye da harajin barkatai a kan hanya. Farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a kasuwannin Arewa kuwa ya faɗi warwas, manoma suka yi ta yanka suna shanyawa. Cikin mako guda aka janye.

Yanzu Julius Berger ya sake gina sashen Zariya zuwa Kano, ramukan da a da ke taka wa direbobi birki sun tafi, titin ya miƙe santal. Ranar Laraba, ranar kasuwar Makarfi, masu ɗauke da rake da mazarƙwaila da masu babura na tsallaka shi a Tashar Yari, a gaban motocin da ba wanda ya auna gudunsu tun da suka baro Zariya.