Makaranta da Goben Ɗalibi: Nazari kan Tsarin 6-3-3-4

Tambayar ko makaranta tana shirya yaro domin rayuwar gobe ta daɗe a Najeriya. Ita ce ta tara masana a Legas a 1969 wajen taron manhaja na ƙasa, wanda ya share fagen Manufar Ilimi ta 1977, daga nan aka samu tsarin 6-3-3-4 da ya soma aiki a 1982. Niyyar mai kyau ce: a shekaru uku na ƙaramar sakandare yaro ya saba da katako da ƙarfe da wayar lantarki, ta yadda ko karatunsa ya tsaya a nan, zai fita da sana'a a hannu.

Gwamnati ta yi odar injinan koyarwa daga waje, amma da yawa tsatsa ta cinye su cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Sai darasin fasaha ya koma zane a allo. Ɗalibi ya haddace sunayen sassan zarto, bai taɓa yanka katako ba.

A ganina, tushen matsalar yana wajen jarrabawa. Abin da za a tambaya shi malami ke koyarwa, kuma iyaye da sakamakon WAEC da NECO suke auna makaranta: kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Babu mai tambayar ko yaron zai iya rubuta wasiƙar neman aiki, ko ya lissafa ribar buhun masara bayan an cire kuɗin taki. Wannan ne ya buɗe kasuwar satar amsa, tunda takardar ake nema. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, an ga 'yan makarantun karkara da ba su taɓa zama gaban na'urar ba sai ranar.

Sai kuma malami. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai kashi 75 da aka gindaya. An yi ta gardama kan adalcin gwajin, amma su ma waɗannan malamai tsarin nan ne ya yaye su, ya kuma bar su da albashin da ba ya kai wata.

Gyara mai yiwuwa ne, kuma an taɓa yin sa. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta buɗe a 1977 sun samu zaɓaɓɓun malamai da ɗakunan gwaji masu aiki, suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa da manhajar da kowa ke amfani da ita. Saboda haka kafin jihohi su sake sauya manhaja, su fara horar da malami, su biya shi a kan lokaci, su sa aikin hannu cikin makin jarrabawa.