Albarka

Daga Larabci Hausa ta aro ta, al-baraka, kuma Zabarmawa ma suna amfani da ita. A kasuwannin Yamai, ka taya tumatir ko mangwaro da arha, mai kaya zai ce "albarka", wato ƙara kuɗi, bai sallama ba. Manomi kuwa in ya ce gona ta yi albarka, yabanya yake nufi.

Ma'anar manomin nan Kiristoci Hausawa suka riƙe. Abin da sujada da hidima ke haifarwa cikin mutum, kamar ƙauna, haƙuri da kamun kai, waɗanda Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa, shi ne albarkar Ruhu. A ganina kalmar ta dace ƙwarai, domin mai bi yana shuka, Allah ke sa amfanin.