Ratse hanya a dokar jiragen ruwa da inshora

Ya kai mai karatu, ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku. Amma da yawa daga cikin shinkafa da sukarin da kake gani a kasuwar Maraɗi ko Damagaram, jirgin ruwa ne ya fara sauke su a tasha irin ta Lome, kafin manyan motoci su ɗauko su. Saboda haka dokar teku ta shafe ka.

Ratse hanya shi ne jirgi ya bar hanyar da aka rubuta cikin yarjejeniya, ko wadda aka saba bi, ba tare da uzuri ba. Kamfanin inshora, wato wanda ake biya kuɗi domin ya rama hasara, haɗarin wannan hanya kaɗai ya auna. Shi ya sa dokar Ingila ta 1906 ta tanadi cewa, daga lokacin da jirgi ya ratse, kamfanin ya fita daga alhaki, ko da jirgin ya komo bisa hanya kafin hasarar ta auku.

Akwai uzurin da doka ta karɓa: guguwar da ta fi ƙarfin matuƙi, tsirar da jirgin, neman likita ga wani da ke ciki, da ceton rai.

To, ceton dukiya fa? A 1880 wata kotun Ingila ta yi shari'ar wani jirgi mai suna Olympias, wanda ya ɗauko alkama daga Rasha. A hanya ya tarar da wani jirgi da injinsa ya lalace. Mutanen ciki ana iya kwashe su lafiya, amma matuƙin ya yarda ya ja jirgin dungum bisa ladar fam 1,000. Garin haka nasa jirgin ya kafe cikin rairayi, alkama ta salwanta. Kotu ta ce mai jirgi ya biya, don ba rai ya je ceto ba. Hukuncin yana da tsauri, amma ai alkamar ba tasa ba ce.

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1924 ta sassauta, ta yarda da ratsewa domin ceton dukiya a teku.

Idan kana sayo kaya daga ƙetare, yawancin takardun inshorar kaya na yau suna ci gaba da kare ka in jirgi ya ratse ba da hannunka ba. Kafin ka sa hannu, ka nemi a nuna maka layin da ya faɗi haka, a karanta maka shi.