Hanyar Gabas da Mutanen da Ta Ajiye a Jazira

Kafin jirgin sama ya mayar da zuwa Makka tafiyar 'yan sa'o'i, Bahaushen da ya ɗaura niyyar Hajji yakan bi dangi gida gida yana neman gafara, domin ba lallai ne a sake ganawa ba. Daga Kano a nufi Barno, a ratsa Wadai, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, sannan Kurdufan. Da ƙafa ake yi, jaki na ɗauke da tukunya da tabarma da salkar ruwa. Inda guzuri ya ƙare nan ake yada zango, a yi noman damina ɗaya ko biyu, a tara abin gaba. Yaron da aka goyo daga gida yakan isa bakin Bahar Maliya da gemunsa.

Ayarin da ya fi kowanne barin tarihi shi ne na bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka zauna a Sudan, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da yau ake kira Mai Wurno. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, gonakin audugar Jazira suka buɗe, kuma suna neman hannu. Mahajjata suka samu inda za su tsinci auduga su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Haka ƙauyukan Hausawa suka yi ta tsirowa daga Wad Madani har kewayen Rufa'a, garin da ke gabashin kogin, daura da Hasahisa.

Sai mota ta shigo. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta hanyar ƙasa. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni: babbar mota ta bi ta Maiduguri da Fort Lamy da Abeche har Ubayyid, inda layin dogo ya iso tun 1912. A waɗannan watanni gingimari ita ce gida. Buhunan gero a ƙasa, mutane a kansu, butoci na reto a jikin bodi. In ta kafe a yashi kowa ya sauko, yaran mota su haƙe gaban taya su shimfiɗa faranti, maza su tura. Da dare mata su girka tuwo a gefenta, a kwana a ƙarƙashinta. 

Wasu da hanya ta ajiye ma motar ce ta zama sana'arsu. Mark Duffield, a littafinsa na 1981 kan Mai Wurno, ya nuna yadda harkar lori ta ɗaga wasu gidaje. Shi kuwa Bawa Yamba, a nasa na 1995, ya tarar da jikokin mahajjata waɗanda aka haifa a Jazira, ba su taɓa ganin Makka ko Kano ba, amma suna ce wa kansu matafiya da ke kan hanya.

Abin da ke ci mini rai shi ne waɗannan littattafai biyu da Turanci aka rubuta su. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya ba mu labarin tafiyarsa da Hausa a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Babikir Badri, wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ya bar tarihin rayuwarsa da Larabci. Tsohuwar da ta haihu a bayan mota tsakanin Abeche da Janaina kuwa, labarinta a bakinta yake, sai jikokin da suka zauna suka saurara.

A Disamban 2023 yaƙin Sudan ya ci Wad Madani da Rufa'a, mutanen Jazira suka sake ɗora tabarmi a kan lori suka nufi Sinnar da Gadarif da Kasala. Waɗanda aka shigo da su ƙasar suna yara a zamanin gingimari yanzu sun haura saba'in, kuma yaƙin ya watsa su gari gari.