Titin masu wanki a Rekyabik

Duk baƙon da ya sauka a Rekyabik, babban birnin ƙasar Aisilan, sai ya taka titin Laugavegur, inda shagunan rigunan ulu da gidajen shan kofi suke jere. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin yin titin.

A 1786, sa'ad da sarkin Danmak ya ba wurin matsayin gari, mutanensa ba su kai 200 ba. Itace ya yi ƙaranci, kwal kuma sai an yi jigilarsa ta teku, don haka tafasa ruwan wanki a gida ba na kowa ba ne. Amma a kwarin Laugardalur, kimanin kilomita 3 daga tsakiyar gari, ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa. Can mata ke zuwa, yawancinsu 'yan aikin gidajen masu hali. Su goya ƙunshin tufafi, da sabulu da ɗan guzuri, su ratsa fadama da duwatsu, su wuni a durƙushe cikin tururi. Dawowa ta fi tafiya wuya, domin jiƙaƙƙen kaya ya ninka busasshe nauyi, ga iska mai yankan fuska, ga ranar hunturu da ba ta wuce awa huɗu ko biyar. Akwai waɗanda suka zame cikin ruwan suka ƙone har lahira, kafin a gitta ƙarafa a kan ramukan. Saboda matan nan masu wanki aka fara shimfiɗa titin Laugavegur a 1885.

Masu zagayawa da baƙi sun fi son nuna gidan Höfði, inda shugaban Amurka Reagan da shugaban Tarayyar Sobiyat Gorbachev suka gana a 1986. Ban raina wannan ba, amma a ganina garin ya fi cin moriyar matan nan. Na je kwarin, na taɓa ƙarafan, na ga mutum-mutumin mai wanki da Ásmundur Sveinsson ya yi.

A wurin wankin aka fara haƙa rijiyar ruwan zafi a 1928. A 1930 bututu ya kai shi makarantar Austurbæjarskóli, daga nan gidaje suka biyo baya, hayaƙin kwal da ke lulluɓe garin ya yaye. Yau kusan gida 9 cikin 10 a ƙasar da zafin ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama su. Shi ya sa ruwan zafi a famfon masaukina yake warin farar wuta, kamar dafaffen ƙwai.