Ƙarfin Doki a Bakin Nilu: Tarihin Injin Mota a Alƙahira

A ranar 9 ga watan Maris na 1947 aka killace wasu tituna a tsibirin Jazira, da ke tsakiyar kogin Nilu a birnin Alƙahira, domin tseren motoci. Ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, Turai na fama da kanta, fetur da taya sai da lissafi. Wani attajirin birnin Turin na Italiya, Piero Dusio, ɗan kasuwar yadi kuma shugaban kulob ɗin Juventus a lokacin, shi ya loda ƙananan motocin tsere na kamfaninsa, Cisitalia, a jirgin ruwa ya kawo su Masar tare da direbobi sama da goma. Dabararsa ita ce kowa ya hau mota iri ɗaya, inji iri ɗaya, ta yadda gwanintar hannu kaɗai za ta raba gardama. Franco Cortese ne ya zo na ɗaya, ya karɓi kofin zinariya daga hannun Sarki Faruƙ. Wanda ya bi masa wani matashi ne, Alberto Ascari, da duniya ba ta gama sanin sunansa ba tukuna.

Motar da suka hau, D46, ta cancanci a tsaya a dube ta. Injiniyan Fiat, Dante Giacosa, ne ya zana ta, kuma bai ƙirƙiro sabon inji ba. Ya ɗauko na Fiat 1100, motar magidanta mai silinda huɗu wadda ke ba da doki 32, ya gyara kan injin, ya ƙara matsin silinda, ya sake tsarin zagayawar baƙin mai, har ƙarfin ya kai wajen doki 60. Sauran aikin kuma rage nauyi ne: ya haɗa gangar jikin da siraran bututun ƙarfe, motar ba ta kai kilo 400 ba. Wannan al'adar Italiya ce tun asali, ƙaramin inji mai saurin juyawa a cikin mota mara nauyi, domin ƙasa ce da mai ke da tsada kuma a lokacin ake ɗora haraji gwargwadon girman inji. Amurkawa, masu man fetur a ƙofar gida, sun bi wata hanyar: a ƙara silinda, a ƙara lita, ƙarfi ya zo cikin sauƙi.

Tseren bai ja 'yan kallo yadda aka sa rai ba, aka tafka asara, ba a kuma maimaita shi ba. Shi kansa Dusio, son ƙarfin inji ne ya ci dukiyarsa. A shekarar ce ya ƙulla yarjejeniya da iyalan Porsche su zana masa motar gasa mai silinda 12 da na'urar cusa iska, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Kuɗin da ya biya sun taimaka wajen belin tsoho Ferdinand Porsche daga hannun Faransawa, amma motar ta lashe jarin Cisitalia ba tare da ta shiga wata babbar gasa ba. Kafin 1949 ta ƙare Dusio ya koma Ajantina.

A Alƙahira ta wancan zamani, mota mai ƙarfi kayan fada ce da manyan masu ƙasa. Faruƙ ya tara motoci da yawa, yana kuma tuƙi da kansa da gudun da ya kai shi ga mummunan haɗari a watan Nuwamba na 1943 kusa da Ƙassasin, inda ya yi jinya a asibitin sojan Ingila. Motocin fada ja ake fenta su, an kuma hana kowa wannan launi, domin ɗan sanda ya hango ya buɗe hanya. Juyin 23 ga Yuli na 1952 ya kawo ƙarshen wannan duka. Kwana uku bayan haka Faruƙ ya bar Iskandariyya a jirgin ruwa.

Gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta zo da taken ƙera komai a gida, daga allura har roka. Motar farko da aka ɗora wa sunan ƙasa ita ce Ramsis, a ƙarshen shekarun 1950, da injin NSU Prinz na Jamus mai silinda biyu, mai sanyaya kansa da iska, a bayan mota. Ƙarfinta bai taka kara ya karya ba, kuma ba a yi ta da yawa ba. Babban aikin yana Wadi Hof, kusa da Halwan a kudancin birnin, inda aka kafa kamfanin Nasr. Ya fara da manyan motoci da bas na Deutz, sannan a 1961 ya ƙulla da Fiat. Cikin motocin farko da suka fito daga masana'antar akwai Nasr 1100, zuriyar injin nan da aka yi tsere da shi a Jazira.

Neman ƙarfi na gaske kuwa, gwamnati sama ta kai shi. A Halwan ɗin dai aka ɗauko Willy Messerschmitt ya zana jirgin yaƙi HA-300, aka kuma ba wa ɗan Ostiriya Ferdinand Brandner aikin ƙera masa inji, E-300, da burin ninka gudun sauti. Jirgin ya fara tashi a watan Maris na 1964 da injin aro na Ingila. Yaƙin 1967 ya zo ya karya tattalin arziki, aka rufe aikin a 1969. Jirgin gwaji na farko yau yana gidan tarihi kusa da Munich.

A wannan shekarar ta 1969 ce Fiat ta fito da motar da za ta zama abokiyar zaman Alƙahira har shekara kusan arba'in, wato 128. Giacosa ne ya tsara ta, ya kwantar da injin a gicciye da giyabos a gefensa, ƙafafun gaba na ja, tsarin da kusan duk ƙananan motocin duniya suka kwaikwaya daga baya. Amma wanda ya zana injin kansa shi ne Aurelio Lampredi, kuma labarinsa ne, a ganina, zuciyar wannan tarihi.

Lampredi mutumin Ferrari ne. A farkon shekarun 1950 Alfa Romeo ke mulkin gasar duniya da mota mai inji lita ɗaya da rabi, wanda na'urar cusa iska ke matsa wa har ya ba da doki sama da 400. Kuɗin wannan ƙarfi a tanki ake biyansa: motar na shan fiye da lita ɗaya da rabi a kowace kilomita, dole ta riƙa tsayawa shan mai ana tsakiyar tsere. Lampredi ya shawo kan Enzo Ferrari a bar cusa iska, a yi babban inji mai silinda 12, lita huɗu da rabi, mai numfashi da kansa. Ƙarfinsa bai kai na Alfa ba, amma bai da ƙishirwarta. A Silverstone, cikin Yuli na 1951, José Froilán González ya doke Alfa da wannan inji, nasarar Ferrari ta farko a gasar duniya. Daga nan Lampredi ya yi wani mai silinda huɗu kacal, wanda Ascari ya ci kambun duniya da shi a 1952 da 1953. A 1955 ya koma Fiat.

Abin da ya koya a filin tsere shi ya zuba a injin 128. Faɗin silinda milimita 80 ne, tafiyar fistin kuwa milimita 55 da rabi kawai. Gajeruwar tafiyar tana barin inji ya juya da sauri ba tare da fistin ya wahala ba, faɗin kuma ya ba da wurin sa manyan bawul. Kan injin na alminiyam ne, sandar buɗe bawul na zaune a samansa, bel mai haƙora na juya ta. Duka-duka cc 1,116, doki 55. A takarda ba abin tinƙaho ba ne, amma mutumin da ya san yadda ake cin gasa da ƙarancin mai ne ya auna kowane ɓangare nasa. Nasr ta fara haɗa motar a farkon shekarun 1970, daga baya kayan haɗin suka riƙa zuwa daga Zastava ta Yugoslabiya. A lokacin ma'aikacin gwamnati kan rubuta suna ya jira layi kafin ya samu tasa, wanda ya samu kuma ya riƙe ta kamar kadara.

Da ita da 'yan uwanta, 125 da 131, da Shahin da Dogan da suka biyo ta hannun Turkiyya, da Lada, da Peugeot 504 wadda mu ma muka sani daga masana'antar Kaduna, su suka zama tasi masu launin baƙi da fari na Alƙahira. Abin da ya raya su shi ne hannun bakanike. Kasuwar Taufiƙiyya a tsakiyar birni, wadda Bakano zai ga kamar Ƙofar Ruwa, ba a rasa kafireto ko fulogi ko gasket na 128 a cikinta. A unguwar Hirafiyyin ta masu sana'a kuwa, ana sauke inji a wanke, a gyara silinda, a sa sabon ringi, a mayar. Injin da ba shi da kwamfuta, wanda yaron gareji ke gane ciwonsa da kunne, ya fi dacewa da birnin da mota ke wuni tana rarrafe a cunkoson gadar 6 ga Oktoba cikin zafi da ƙura.

Hukuma ma ta ja layinta a kan girman inji. Shekaru da yawa kuɗin kwastan na motar da ba ta wuce cc 1,600 ba kashi 40 cikin ɗari ne, wadda ta haura kuwa kashi 135, ban da sauran haraji. Saboda haka kasuwar Masar ta taru a ƙasan wannan iyaka, Mercedes da BMW kuma suka zaɓi a riƙa haɗa musu wasu motocin a birnin 6 ga Oktoba, yamma da Alƙahira, don su kauce wa kuɗin shigo da kaya. Sai a watan Janairu na 2019 kwastan ya sauka zuwa sifili a kan motocin Tarayyar Turai, bisa yarjejeniyar da ta fara aiki tun 2004.

Amma a gidan mai, gwamnati ce ta daɗe tana ɗaukar nauyin kowane doki, babba da ƙarami, kuma mai babban inji shi ya fi cin moriyar tallafin. Wannan bai yi wa talaka adalci ba, bai kuma bar wa baitulmali sararin numfashi ba. A watan Yuli na 2014 aka fara janye shi: litar fetur mai lamba 80, wanda tsofaffin motoci ke sha, ta tashi daga ƙasa da fam ɗaya zuwa fam 1.60, mai lamba 92 kuma daga 1.85 zuwa 2.60. Karya darajar fam a Nuwamba na 2016 ta ƙara tsananta lamarin, masu tasi da yawa suka koma iskar gas, suka sadaukar da rabin but ga tukunyar gas.

Kafin nan ma zamanin 128 ya riga ya wuce. Dokar hanya ta 2008 ta hana sabunta lasisin tasi da ta haura shekara 20, a 2009 aka fara karɓar tsofaffin ana ba da farare sababbi bisa bashin banki. A shekarar ce kuma Nasr, da bashi ya yi wa katutu, ta dakatar da ƙera motoci. Masana'antar Wadi Hof ta yi kusan shekara 15 shiru, sai a ƙarshen 2024 aka sake buɗe ta, aka fara da bas.