Mutumin da Ya Juya Mana Baya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin 'yan sanda ko na soja ya san mutumin nan da ke gaban 'yan badujala, yana taƙama da doguwar sanda mai kan azurfa, yana cilla ta sama yana caɓewa. Daga sojan Ingila muka gaje shi. Can asali ba don ado aka naɗa shi ba: shi ne shugaban makaɗan da ke isar da umarni a fagen daga, kuma a zamanin da ake yi wa soja bulala, a gabansa ake yin ta. Diram-manjo suke kiransa.

A Amurka labarinsa ya bi wata hanya dabam. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka riƙa kafa wa matasa rundunonin ganga da bigila, suna gasa tsakaninsu. A 1972 aka yi gasar farko ta ƙungiyar DCI a Whitewater, jihar Wisconsin, Anaheim Kingsmen suka lashe. Sannu a hankali jagoran ya ajiye sandar, ya hau wani dogon dandamali a bakin fili, ya juya wa 'yan kallo baya.

Kada mu ɗauka wasa yake yi da hannu. Filin ya kai yadi 100, sauti kuwa ba ya wuce kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. Mai busa da ke can ƙarshen fili, in ya bi abin da kunnensa ya jiyo, to ya makara. Dole ya bi hannun jagora. Mutum fiye da ɗari na gudu suna busa, kowa ido na kan yaro guda, wanda shi ma bai haura shekara 22 ba. In hannunsa ya yi rawa, wahalar bazara guda ta bi ruwa. Saboda nauyin aikin ne DCI ke ba jagoran da ya yi fice kyauta mai sunan Jim Jones, wanda ya kafa rundunar Troopers a Casper ta jihar Wyoming a 1957.

A ɓangaren manya, inda babu ƙayyade shekaru, har yau ana tuna Jimmy Russo na Hawthorne Caballeros ta jihar New Jersey, wanda ya daɗe a gabansu har mutane suka riƙa zuwa don su gan shi.

Amma a wajenmu, daren da ya fi shi ne na 2008 a Bloomington, jihar Indiana. Phantom Regiment daga Rockford ta zo da labarin Spartacus, bawan da ya tayar wa daular Rum bore a shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa. Jagoransu Will Pitts bai tsaya kan kaɗa hannu ba, shi ne azzalumin sarkin labarin. Yana ba da lokacin kiɗa, yana kuma shan tsanar 'yan kallo, kuma bai saki ko ɗaya ba. Gab da ƙarshe bayi suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa na shelar cewa shi ne Spartacus, dubban 'yan kallo na taya su. Sai wani ya sheƙo da mashi ya soke shi a kan dandamalin. Wasa ne, amma filin ya ɗauki sowa kamar da gaske aka kawar da azzalumi.

Rundunar ta fara makon a matsayi na uku, washegari ta haura na biyu. Da aka karanta sakamako a daren ƙarshe, Blue Devils na da maki 98.100, Phantom Regiment na da 98.125.